Yadda Na Zama Malam Ba-a-sani-ba

Kwanakin baya ɗan ƙanwata Bashir ya zo gida da abokansa biyu. Sun gama jami'a, suna neman fara koyarwa a makarantun kuɗi na cikin Lome, suka ce in ba su tsofaffin takardun darasina. Ɗaya daga cikinsu, yana magana yana latsa waya, ya ce ai fizik ba ta da wuya a wurin malami: ka rubuta dokar a allo, yara su kwafe, wanda bai gane ba ya je ya kalli bidiyo. Ban tanka masa ba, don an riga an kawo shayi, kuma ba na son faɗa da baƙo da kofi a hannunsa. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna in rubuta muku abin da na sani game da wannan sana'a, ku da kuke shirin shiga cikinta da gudu, har da dalilin sunan da kuka ji ana kirana da shi a Zongo, unguwarmu ta Hausawa, kuna kunyar tambaya.

Aikin farko da aka ba ni ba riƙe alli ba ne. Wanda ya koya mini koyarwa wani dattijo ne ɗan ƙabilar Ewe, muna ce masa Fo Kossi, wato yaya Kossi da yarensu. Daga unguwar Adakpamé yake zuwa kullum a kan wani tsohon babur, da akwatin katako ɗaure a baya. Ranar da na fara zuwa wurinsa, da takardar shaidata da sabuwar riga, ya buɗe akwatin ya fito da noti biyu na babbar mota, ɗaya ƙato ɗaya ƙarami, da zaren fatsa irin na masunta. Ya ce in ɗaura kowanne da zare mai tsawo ɗaya, in rataye su a saman ƙofa. Kafin in sake su ya tambaye ni wanne zai fi saurin kai da komo. Na ce babban mana, ai ya fi nauyi. Ya ce in sake. Suka tafi tare, suka dawo tare, kamar an ɗaure su da juna. Abin kunyar shi ne na haddace dokar lilo tun ina ɗalibi, na ci jarrabawa da ita, kuma na san babu nauyi a cikinta. Bakina ya san dokar, amma idona bai taɓa yarda ba. Fo Kossi bai yi mini dariya ba. Ya ce in zauna in yi ta kallonsu har in daina mamaki, sannan in ci gaba da kallo har mamakin ya dawo. Zangon karatu guda na yi ina ɗaukar masa akwati kafin ya bari na tsaya gaban aji.

Akwatin nan shi na gada da ya yi ritaya, yana nan ƙarƙashin gadona. Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji, don haka komai namu na tsintuwa ne. Maganaɗisu daga tsohuwar lasifikar masallaci na cire shi, da izinin ladan. Gilashi mai kusurwa uku da ke raba hasken rana zuwa launuka, daga wata fitilar ado ya faɗo, mai sayar da kayan gwanjo ya ba ni kyauta. Akwai sifirin na sikelin mahauta, da madubin babur, da ƙwan tocila, da wayoyi. Babban abokin gabarmu iskar teku. Gishirinta na cin ƙarfe ba sallama, ka ajiye waya lafiya lau, ka dawo hutu ka tarar ta yi kore. Duk ranar da zan yi darasin lantarki sai na zo da wuri na kankare bakin kowace waya da reza. Wanda bai yi haka ba zai tsaya gaban yara yana cewa ƙwai zai kama, ƙwai ya ƙi kamawa, daga ranar kuma sun gama da shi.

Fo Kossi ba ya ba da doka sai ya ba da labarinta, ni ma haka na taso. In zan koyar da faɗuwar abu sai in ce musu masanan dā sun yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa, malami na miƙa wa ɗalibi, kuma ba wawaye ba ne, sun dai gaskata littafi fiye da gwaji. Sai da wani ɗan ƙasar Italiya ya yi ta gangaro da ƙwallaye a kan katako yana aunawa. Bayansa wani Baturen Ingila ya nuna cewa abin da ke jawo mangwaro ƙasa shi ke riƙe da wata a sama, ya ba da lissafin daidai, amma ya yarda cewa bai san dalilin jan ba. In darasin haske ne sai in ba su labarin wani masani Musulmi ɗan Basra, wanda ya nuna da ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar kafa cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba. Yaran Zongo na son wannan, har su gyara zama. Daga nan zuwa ga wanda ya zo ya ce lokaci kansa ba ɗaya ba ne ga kowa, agogon da ke can sama da na ƙasa ba sa tafiya daidai, kuma wayar da ke nuna wa ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, hanya da wannan lissafin take aiki. Duk wanda ya zo ya gyara na gabansa, kuma duk wanda ya gyara ya bar wani wuri a buɗe. Har yau dokar manyan abubuwa da dokar ƙananan da ido ba ya gani ba su jitu ba. Har yau mafi yawan abin da ke cikin sararin samaniya ana ganin aikinsa ne kawai, ba a san ko mene ne ba.

Yanzu ku ji wani abu da ba a koya muku a jami'a ba. Yara ne a gabanka, amma iyaye ne masu cinikinka. A Zongo kuwa malamin fizik tsakanin wuta biyu yake. Wasu iyayen na tsoron ka cika wa yaro kai da cewa Bature ya gano komai har ya raina sallah. Wasu kuma sun kawo ɗansu lakwal, wato makarantar boko, don ya samo amsa ne, irin amsar da ke kai mutum ofis, kuma a wurinsu malamin da ya ce bai sani ba kamar tela ne da ya ce bai iya wuyan riga ba. Na farkon na iya da su, don a sahu ɗaya muke sallah, suna ganina. Na biyun ne suka kayar da ni.

A shekarar da nake ba ku labari ni ke da ajin ƙarshe, masu zana bak, jarrabawar fita sakandare. A wannan sana'a ajin ƙarshe shi ne mutuncin malami, wanda aka ba shi an yarda da shi ke nan. Cikin ajin akwai wani yaro Nasiru, ɗan Alhaji Garba, babban mai sayar da dilolin gwanjo, wato manyan ɗaurin tsofaffin tufafi, a kasuwar Hédzranawoé, mutum mai faɗa a ji a unguwarmu. Nasiru ba ya cikin na gaba a maki, amma yana da tambaya. Wata rana na rataye noti a ƙofa kamar kullum, ina nuna musu yadda ake auna lokaci da lilo. Na ce su lura, da za a ɗauki hoton lilon nan mai motsi a juya shi baya, ba wanda zai gane an juya, don dokarsa ɗaya ce gaba da baya. Sai Nasiru ya ɗaga hannu.

"Monsieur, to in dokar ba ta damu da gaba ko baya ba, me ya sa lokaci ba ya komawa? Me ya sa kofi in ya fashe ba ya haɗuwa?"

Na ji daɗin tambayar nan har cikin raina, don ba kowace shekara ake samun irinta ba. Na aika aka sayo garin rogo da sukari, na zuba a kwano gefe da gefe, na girgiza. Na ce wa zai girgiza su koma yadda suke? Suka yi dariya. Na ce musu hanyoyin cakuɗewa sun fi hanyoyin tsari yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa komai ke gangarawa wajen watsewa, kuma wannan yana cikin littafi, an tabbatar. Nasiru bai sake ni ba. Ya ce to me ya sa tun farko komai ya fara a tsare, har ya sami inda zai watse? Na ce masa nan kam ilimin fizik ya tsaya. Akwai masu hasashe, babu wanda ya tabbatar. Na ce ba a sani ba, ni ban sani ba, waɗanda suka rubuta littafin ma ba su sani ba, wataƙila wani a cikinku ne zai gano. Yaron ya koma gida yana murna, ya ba da labari a gaban mahaifinsa ana cin abinci. Alhaji ya ji, ya adana.

Da sakamakon bak ya fito, shekarar ba ta yi mana kyau ba. Takardar fizik ta zo da zafi, yara da dama sun faɗi, har da Nasiru. Bayan 'yan kwanaki mai makarantar ya aiko a kira ni ofishinsa da hantsi. Na tarar da Alhaji Garba zaune da wasu iyaye, ya ajiye hularsa a gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi, don sa'an babana ne, ya amsa a taƙaice. Mai makarantar ya ce da Faransanci an kawo ƙara cewa ina gaya wa 'yan ajin ƙarshe ban san darasina ba. Na yi bayani yadda abin ya faru. Na ce tambayar ba ta cikin jarrabawa, kuma abin da ke cikin jarrabawa na koyar da shi duka. Sai na juya wajen Alhaji da Hausa, na ce ai ko malamanmu na zaure in sun gama karatu da Allahu a'alamu suke rufewa.

"Bayan sun ba da amsa suke faɗa, Malam Idi," in ji shi. "Ba a madadin amsa ba. Ni ɗana na kawo lakwal a cika masa kai, kai kuma ka buɗe masa rami a ciki. Yaro ya zauna gaban takarda yana tunanin ko masu littafin ma ba su sani ba, ta ina zai ci?"

Ba zan ce maganarsa ba ta da kai ba. Uba ne da ɗansa ya faɗi, kuma shi a kasuwa ya tashi, inda mai kaya ba ya taɓa nuna shakka a gaban mai saye. Mai makarantar ba mugu ba ne, neman mafita yake. Ya ce abin mai sauƙi ne: in ce a gaban iyayen nan wasa nake yi da yara, amsar tana nan a littafi, in kuma yi alkawarin kalmar nan ba za ta sake fita daga bakina a aji ba. In na yi haka ajina na nan. In na ƙi, to shi ba zai iya rasa 'ya'yan Zongo saboda malami ɗaya ba.

Ina son ajin nan ƙwarai, shekaru na yi ina jiran a ba ni shi. Amma na ga in na faɗi abin da suke so, Nasiru zai ji, kuma zai koyi ɗaya cikin biyu: ko malaminsa ya yi masa ƙarya a aji, ko ya yi wa ubansa ƙarya a ofis. Sai na ce, "Baba Alhaji, ka yi haƙuri. Abin da aka sani na koya masa, kuma zan sake koya masa a gida in ka yarda. Amma wannan ba a sani ba, ba zan ce an sani ba." Alhaji ya ɗauki hularsa ya sa, ya tashi.

Da aka dawo daga hutu aka ba wani malami ajin ƙarshe, aka mayar da ni ƙananan azuzuwa, wurin batir da ƙwan tocila. Na ji ciwo sosai, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi ciwo shi ne unguwa. Iyayen da ke aiko mini da yara darasin gida suka janye su ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Kafin wata ya ƙare sunan ya fito. Ina wucewa wurin mai shayi in ji ana cewa ga Malam Ba-a-sani-ba nan. Mai nama in na tambaye shi ko na yau ne sai ya ce ba a sani ba, Malam, jama'a su kwashe da dariya. Matata ta daina zuwa wasu gidajen suna na wani lokaci. Na je Adakpamé na gaya wa Fo Kossi, lokacin ya tsufa yana zaune gindin bishiyar kwakwa. Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni ko ina kankare wayoyi har yanzu. Na ce e. Ya ce to in koma aiki, ƙananan yara ma mutane ne.

Gaskiyarsa ce. A ƙananan azuzuwan nan na ƙare aikina, ba a sake ba ni ajin ƙarshe ba har na yi ritaya. Nasiru ya sake zana bak a wata makaranta ya ci, yanzu yana aikin fito da kaya a tashar jirgin ruwa, in ya gan ni sai ya sauka daga mota ya gaishe ni. Amma labarin da nake so ku riƙe na ubansa ne.

Ranar Juma'a bayan an idar, hanyarmu ɗaya da Alhaji Garba wajen ɗaukar takalma. Juma'ar farko bayan abin nan ya ɗaga murya a gaban mutane ya ce, "Malam, an gano?" Aka yi dariya. Na ce ba a gano ba, Baba. Juma'a ta gaba ya sake. Haka ya mayar da ita gaisuwarmu, shekara da shekaru. Da farko don ya ƙona mini rai yake yi, kuma yana ƙonawa. Daga baya mutane suka gaji da dariya, shi bai gaji da tambaya ba. Ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai lura ya daina ɗaga murya, sai ya bari mun matsa gefe. Shekarar da Hajiya matarsa ta rasu, bayan an gama zaman makoki, ya riƙe mini hannu a ƙofar masallaci ya ce in sake gaya masa zancen garin rogo da sukarin nan, don Nasiru bai faɗa masa daidai ba. Na gaya masa a tsaye, masu tallan lemo na ratsa mu. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce to Allah Ya sa a gano. Daga ranar duk abin da na karanta sabo game da lokaci ko farkon duniya sai in ajiye masa zuwa Juma'a. Wani bayanin ya gane, wani bayanin ya ce wannan kuma surutun Turawa ne. Bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Da ciwonsa na ƙarshe ya kwantar da shi, na je dubiya bayan la'asar. Ɗakin cike da mutane, 'yan kasuwa da dangi, kowa ya shigo sai ya ce ai jiki ya yi kyau Alhaji, sati mai zuwa kana kasuwa. Shi kuwa ya rame har zoben hannunsa na yawo. Da ya gan ni ya yi alama in matso. Na durƙusa a bakin gado, ya daɗe yana kallona kafin ya tattaro murya.

"Malam Idi, an gano?"

"Ba a gano ba, Baba."

Ya ɗan yi murmushi. Ya ce tun safe ake shigowa ɗakin nan, ni kaɗai ne na gaya masa gaskiya. Ya huta kaɗan, sannan ya ce, "Ka san dila a ɗaure take zuwa daga jirgi. A ɗaure nake saye, a ɗaure nake sayarwa. Tun ina saurayi ban taɓa ganin cikin wadda na sayar ba. Kuma ban taɓa ce wa mutum ban sani ba." Ya saki hannuna, aka shigo da wasu baƙi, na ba su wuri. Kwana kaɗan bayan haka muka kai shi makwancinsa.

To Bashir, kai da abokanka, takardun darasin suna nan, ku zo ku ɗauka, ba su da wani amfani a wurina. Akwatin ma zan ba ku in kun yi alkawarin kankare wayoyi. Dokokin kam za ku iya rubuta su a allo, wannan kowa na iyawa. Amma wata rana yaro zai ɗaga hannu ya kai ku inda littafi ya ƙare, ubansa kuma yana gida yana jiran ya ji abin da kuka ce. Ba zan ce muku gaskiya za ta biya ku ba, ni ajina ta ci, ba a kuma mayar mini ba. Ku dai san abin da za ku ce tun kafin ranar ta zo.

Sunan kuwa na daina jin zafinsa tuntuni, in an kira ina amsawa. Abin da ban saba da shi ba har yanzu shi ne Juma'a. Kwanan nan na karanta wani sabon bayani a kan farkon duniya, na ce a raina wannan zai yi wa Alhaji daɗi, har na shirya yadda zan faɗa masa da Hausa. Sai da na sunkuya ɗaukar takalmina na tuna babu mai tambayata.